AUREN WURI DA JINKIRIN AURE: INA SHARI'A TA TSAYA?

Da wuya a sami maganar da ke ta da jijiyar wuya a zaurukan ƙasar nan kamar maganar lokacin da ya kamata a yi wa 'ya aure. A ƙauye akan tarar da uba ya karɓi sadakin 'yarsa tana da shekara 13, ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. A birni kuwa akan tarar da wani uban da 'yan mata uku a ɗaka, babbarsu ta doshi shekara 30, masu nema suna zuwa suna komawa domin abin da aka yanka musu ya fi ƙarfin aljihunsu. In aka tambayi kowanne daga cikin iyayen nan biyu, cewa zai yi mutuncin gidansa yake karewa, kuma ba zai rasa malamin da zai jingina da shi ba.

Ƙididdiga ta nuna cewa matsalolin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya gano cewa kashi 43 daga cikin ɗari na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 16 kuma kafin su cika 15. A Jamhuriyar Nijar irin wannan bincike na 2012 ya sami kashi 76. Shi dai binciken na 2018 ya nuna cewa rabin mazan Nijeriya ba sa yin auren fari sai sun kusa shekara 28, alhali rabin mata sun riga sun shiga ɗaki suna da 19. Watau yarinya tana shiga da wuri, saurayi yana makara, tazarar da ke tsakaninsu kuwa yawanci mai hali ne ke cike ta, wanda ya riga ya ajiye mace ɗaya ko biyu.

MA'AUNIN DA SHARI'A TA AJIYE

Malaman fiƙihu ba su ba aure hukunci guda ga kowa da kowa ba. Sun ce yana zagaya hukunce-hukuncen nan biyar gwargwadon halin mai yin sa. Wajibi ne ga wanda ke da iko kuma yake tsoron afkawa cikin alfasha, mustahabbi ne ga mai iko da buƙata wanda zai iya kame kansa, yana kuma zama haramun ga wanda ya tabbata zai cuci matar, ko ta wajen ci da sha ko ta wajen zama. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya kira samari zuwa ga aure, amma ya rataya kiran a kan iko, ya kuma nuna wa marar iko hanyar azumi. Aya ta 32 a Suratun Nur ta umarci al'umma da ta aurar da marasa aure, wadda ke bi mata kuma ta umarci wanda bai samu ba da ya kame kansa har Allah Ya buɗa masa.

Game da shekaru, aya ta 6 a Suratun Nisa'i, wadda ta sauka a kan dukiyar marayu, ta ambaci isa aure a matsayin wani mataki sananne na rayuwa, ta kuma haɗa shi da shiriya, watau hankalin da mutum zai iya riƙe abinsa da shi. Balaga kuwa alamominta sanannu ne, amma in ba su bayyana ba malamai sun koma ga lissafin shekaru, kuma a nan suka saɓa. Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsaya a 15. Imamu Abu Hanifa ya ce 18 ga namiji, 17 ga mace. Mashahurin zance a mazhabar Maliku, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, shi ne 18. Saboda haka wanda ya ce lambar 18 Turawa ne suka zo da ita, bai duba littattafan da ke kan buzun malaminsa ba.

IKON UBA DA IYAKARSA

Gaskiya ne mafi yawan malaman da suka gabata sun halatta wa uba ya ɗaura wa ƙaramar 'yarsa aure. Babbar hujjarsu ita ce auren Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito cewa an ɗaura tana da shekara 6, ta tare tana da 9. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda kowane almajirin ilmi a ƙasar nan ke farawa da ita bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa ba da izninta ba, ta kuma hana sauran waliyyai irin wannan iko har sai yarinya ta balaga ta yarda. Wannan shi ake kira ijbari.

To amma waɗannan malamai ba su bar ikon nan sakaka ba. Da fari sun raba tsakanin ɗaurin aure da tarewa. Sun ce ba a miƙa yarinya ga miji sai jikinta ya iya ɗaukar zaman aure, ko da kuwa an ɗaura shekaru da yawa kafin nan, kuma auren Nana A'isha kansa shaida ne, domin a Makka aka ɗaura shi, ba ta tare ba sai a Madina bayan shekara uku. Na biyu, sun ce an ba uba ijbari ne saboda zaton da ake yi masa na tausayi da sanin abin da ya fi wa 'yarsa, don haka ba ya da ikon ba da ita ga mai cutar da za ta cutar da ita. Uban da ya ba da 'ya don biyan bashi, ko don neman fada wajen mai kuɗi, ya yi amfani da amanar da aka ba shi a inda ba a ba shi ita ba.

Har ila yau, ba dukkan magabata ne suka yarda da auren ƙarama ba. Ibn Shubruma, alƙalin Kufa wanda ya rasu a shekara ta 144 bayan Hijira, shi da Abubakar Al'asammu, sun ce bai halatta ba sai yarinya ta balaga. An ruwaito cewa Ibn Shubruma yana ganin auren Nana A'isha yana cikin abubuwan da aka keɓe Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da su. Mazhabar Hanafiyya ta hana tilasa wa baliga ko da budurwa ce, Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Ƙayyim kuma suka rinjayar da haka. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Maliku akwai labarin Khansa'u 'yar Khizamu, bazawarar da ubanta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara, Annabi ya warware auren. Nasa'i kuma ya ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar sun nemi auren Nana Faɗima, Annabi ya ba su uzuri da ƙuruciyarta, daga baya ya aurar da ita ga Sayyidina Ali. Ko a kotunan ƙasar nan an taɓa iyakance ijbari: a 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta yanke cewa uban da ya riga ya ba 'yarsa zaɓi tsakanin masu nemanta ya sauke wa kansa ikon tilasa mata.

ABIN DA AKE GANI A ASIBITI

Dalilan da ke sa iyaye gaggawa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai tsoron abin kunya, musamman ga yarinyar da ke yawon talla tun safe har almuru. Akwai talauci, domin rage baki ɗaya a gidan da ake auna tsaba da gwangwani ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma rashin makaranta. A ƙauyuka da dama yarinya tana gama firamare babu sakandaren da za ta iya kaiwa da ƙafa, uba kuwa ba zai bar ta ta yi ta zama ba aure ba karatu ba. Waɗannan damuwoyi na gaske ne, kuma duk mai son gyara da ya raina su ba zai sami mai sauraronsa ba.

Sai dai sau da yawa akan yi gudun gara a faɗa gidan zago. Yarinyar da ta ɗauki ciki ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba tana cikin haɗarin doguwar naƙuda. Kan jariri yakan tokare, ya danne mafitsara kwana biyu ko uku har naman wurin ya mutu ya huje, yawanci kuma a rasa jaririn. Wannan shi ne yoyon fitsari. Ba ƙananan yara kaɗai yake kamawa ba, domin nisan asibiti da yankan gishiri su ma suna jawo shi, amma masu haihuwar fari da ƙuruciya suna da yawa a cikin masu fama da shi. A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki tun farkon shekarun 1980, an yi wa dubban mata ɗinki, haka nan a sashen Laure na Asibitin Murtala Muhammad da ke Kano. Da yawa daga cikinsu kafin su isa can miji ya riga ya sake su. Ciwon jijjiga na masu ciki shi ma ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 20.

Akwai kuma hasarar da likita ba ya ɗinke ta. Yarinyar da aka kai gidan da ba ta so ba ta rasa yaji, wata ta gudu birni ta faɗa hannun da ya fi wanda aka guje mata muni, wata kuma ta zama bazawara da goyo tun ba ta kai 18 ba, ba ilmi ba sana'a. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda ke cikin Muwaɗɗa, ba ta tsaya a kan ciniki da iyakar gona kaɗai ba. Malaman da suka ce kada a kai yarinya sai jikinta ya iya, da sun ga abin da ake gani a Babbar Ruga, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

YADDA SAURAN ƘASASHEN MUSULMI SUKA YI

Tun fiye da shekara ɗari hukumomin Musulmi suka fara sa iyaka, bisa ƙa'idar cewa shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halal in maslahar jama'a ta buƙaci haka. Daular Usmaniyya ta Turkiyya, a dokar iyali ta 1917, ta ɗauki lissafin Abu Hanifa na 18 da 17, ta kuma jingina da Ibn Shubruma wajen hana auren ƙananan yara. Masar ta bi wata dabara a 1923: ba ta ce auren ɓatacce ne ba, sai ta hana a rubuta auren namiji ƙasa da 18 ko mace ƙasa da 16, a 2008 kuma ta mai da shi 18 ga kowa. Maroko, wadda mazhabarta ɗaya da ta ƙasar Hausa, ta tsayar da 18 a 2004, ta bar wa alƙali ikon ba da izni in ya bincika ya ga dalili. Aljeriya ta tsayar da 19 a 2005, Indonesiya ma 19 a 2019. Saudiyya, a dokar iyali ta 2022, ta hana rubuta auren wanda bai kai 18 ba sai da iznin kotu bayan ta tabbatar da balaga da maslaha.

A Nijeriya al'amarin ya fi sarƙaƙiya. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta haramta auren wanda bai kai 18 ba, amma tsarin mulki na 1999 ya fitar da auren Musulunci da na gargajiya daga cikin abubuwan da Majalisar Tarayya ke da ikon kaɗaita a kansu, saboda haka dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta karɓe ta. Jihohin Arewa da dama sun ɗauki shekaru kafin su karɓa, wasu kuma suka yi mata gyara a kan batun aure. A watan Yuli na 2013 an yi ta ce-ce-ku-ce a Majalisar Dattawa a kan sashe na 29 na tsarin mulki, wanda ke ɗaukar matar aure a matsayin wadda ta kai munzali wajen barin zama 'yar ƙasa. Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙi yarda a cire shi, ba a kuwa sami kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba, sashen ya zauna. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya ba da sanarwar shirin tsara dokar iyali bisa mazhabar Maliku, abin da ya jawo muhawara mai zafi tsakanin malamai. Abin lura shi ne, duk inda aka kawo maganar da sunan umarni daga waje jama'a sukan toshe kunne, inda kuwa aka kawo ta daga cikin littattafan fiƙihu akan zauna a saurara.

ƊAYA GEFEN: AUREN DA YA GAGARA

Bahaushe bai taɓa ganin zama ba aure da daraja ba. Shi ya sa yake da kalmar tuzuru da gwauro, har a Kano Nalako da jama'arsa suke farautar gwagware a watan azumi. Amma yau akwai dubban samari da suka zama tuzurai ba da sonsu ba. Dalilin farko shi ne tsawon karatu da rashin aiki. Yaro yakan gama sakandare yana da 18, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana neman gurbi, ya shiga jami'a yajin aiki ya ƙara masa wasu, kamar na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, ya yi shekara guda ta bautar ƙasa, sa'an nan ya fara yawo da takardu. Daɗin daɗawa ga tsadar rayuwa, wadda hauhawarta ta haura kashi 30 daga cikin ɗari a 2024.

Dalili na biyu kuwa jama'a ne suka ɗora wa kansu. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Maliku rubu'in dinari ne, watau zinariya giram ɗaya da 'yar ɗoriya. Hadisin Sahlu ɗan Sa'adu ya nuna Annabi ya umarci wani matalauci ya nemo ko da zoben ƙarfe ne, da ya rasa ya aurar masa a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Sadakin matan Annabi yawanci dirhami 500 ne, Sayyidina Umar kuma ya hau mumbari ya yi kashedi a kan tsadanta shi. Amma a ƙasar Hausa sadaki shi ne mafi sauƙin abin da ango ke biya. Kafin a kai gare shi akwai kuɗin na-gani-ina-so, da gaisuwar iyaye, da toshin salla, da kayan sa rana, sa'an nan uwa uba lefe. Lefen nan asalinsa ɗan kwando ne na kaba da ake sa 'yan zannuwa a ciki, ya koma kwalla da fantimoti, yau ya zama jerin akwatuna shida ko goma sha biyu da ake buɗewa a gaban dangi ana ƙirga atamfa da leshi. Iyayen amarya su ma ba su tsira ba, domin kayan ɗaki da gara sukan sa uba ya sayar da gona ko ya ci bashin da zai yi shekaru yana biya. Akwai 'yan matan da suka sami miji, aka sa rana, aka yi ta ɗagawa saboda gado da kujeru har maganar ta watse.

Ga kuma zaɓe irin na iyaye: wannan ba ɗan gari ba ne, wancan kakansa mahauci ne ko wanzami, wannan bai gina gida ba. Shari'a tana da suna ga wannan hali, shi ne adalu, watau waliyyi ya tare mace ga barin auren wanda ya dace da ita. Aya ta 232 a Suratul Baƙara ta sauka ne a kan Ma'aƙilu ɗan Yasaru, wanda ya rantse ba zai mai da 'yar'uwarsa ga tsohon mijinta ba alhali tana so, da ayar ta sauka ya sauko ya ɗaura. Malaman Malikiyya sun ce in waliyyi ya ƙi tsaran mace ba da dalili ba, alƙali zai umarce shi, in ya ƙi ya ɗaura da kansa, kuma ko uba ne, in ta tabbata korar masu nema yake yi don cuta, hukuncin ya hau kansa. Mata kaɗan ne suka san suna da wannan haƙƙi, waɗanda suka sani kuma kunya ba ta barin su kai uba gaban alƙali.

Ba kowane jinkiri ne abin zargi ba. Imamu Ahmad ɗan Hambali bai yi aure ba sai da ya kai 40 saboda neman hadisi, Imamu Nawawi kuwa har ya rasu bai yi ba. Abin zargi shi ne jinkirin da al'ada ta tilasa wa mai buƙata, domin ƙarshensa sananne ne: zance ya yi tsawo shekara biyar, a zo ana neman inda za a ɓoye ciki. Gwamnatin Jihar Kano ta gwada magani ta hannun Hukumar Hisba, inda ta fara aurar da zawarawa 100 a 2012, ta aurar da 1,111 a rana ɗaya a 2013, da 1,800 a 2023, tana biyan sadaki da kayan ɗaki. Taimako ne babu shakka, sai dai baitulmali ba zai iya yi wa kowace 'ya gado da katifa ba muddin masu hali suna ƙara tsawon jerin akwatuna, talaka kuma yana kwaikwayonsu.

INDA HANYOYIN BIYU SUKA HAƊU

In aka dubi uban ƙauye da uban birni da kyau, za a ga abu ɗaya ne ya ɓace musu duka, shi ne tambayar da shari'a ta ɗora waliccin aure a kanta: mene ne ya fi wa yarinyar nan? Na farko ya duba nauyin da zai sauke, na biyu ya duba abin da dangi za su faɗa ranar buɗen lefe.

Tarihin ƙasar nan yana da abin koyi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da 'ya'yan wasu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi aure da ƙuruciya kamar matan zamaninta, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, amma auren bai raba ta da allo da littafi ba. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, inda jajis ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar.

Abin da ya rage aiki ne da kowa ya san rabonsa a ciki. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, in gwamnatoci suka kai makarantar inda yarinya za ta iya isa, suka kuma buɗe azuzuwan matan aure, rabin gardamar shekaru za ta mutu da kanta. Limaman da ke ɗaura aure suna da ikon tambayar shekarun amarya da yardarta kafin a raba goro, da kuma sa sharaɗin jinkirta tarewa ko ci gaba da karatu a gaban shaidu. Sarakuna da masu unguwanni suna iya tsayar da iyakar lefe da gara, muddin za su fara da 'ya'yansu. Alƙalai kuma su buɗe ƙofa ga wadda aka tilasa da wadda aka tare. Allah Ya ba iyaye ikon riƙe amanar da Ya ba su, Ya kuma sa albarka a zuriyar Musulmi, amin.